AN KAMA ƊAN DABA, TO INA UBANGIDANSA?

Jama'a, duk wanda ya saba kallon wasannin kwaikwayon nan masu dogon zango da ake shiryawa a kan 'yan daba, ya san yadda zango zai ƙare tun ba a kai can ba. Ko dai 'yan sanda su sa wa ɗan daba ankwa, ko abokan gaba su sare shi a lungu, ko kuwa ya tuba ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana kuka. Sai a sa kiɗa, a ce mu tara a zango na gaba. To, mu tambaya gare mu. Ina wanda ya saya masa wuƙar? Ina wanda ya ba shi kuɗin ƙwaya? Ina wanda ke aika a yi belinsa kafin gari ya waye? Wannan mutum da wuya a gan shi a wasa, balle a kotu.

Ba mu ga laifin 'yan wasa sosai ba, domin takunkumi ne a bakinsu. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a zamanin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana nuna satar mutane da shan ƙwaya da ƙwacen waya a cikin fim. Hujjarta ita ce wai matasa suna koyon ɓarna daga nan. Ashe haka ne? Mutum ya duba madubi ya ga ƙurji a goshinsa, sai ya fasa madubin, ya ce ya warke!

Bari mu tuna wa mahukunta abin da suka yi kamar sun manta. A watan Mayu na 1953 an kwana huɗu ana sare-sare tsakanin Fagge da Sabon Gari. A lissafin Gwamnati kanta mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. A sa'an nan babu talabijin ko ɗaya a Nijeriya, domin sai a 1959 aka buɗe tasha ta farko a Ibadan. Fim ɗin Hausa na bidiyo kuwa, sai a 1990 aka fara da Turmin Danya. Wane wasa waɗancan suka kalla? Rigimar siyasar manya ce, amma jinin talaka ya zuba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma 'Yan Mahaukata suke bin mabiyan Malam Aminu Kano da kulake, don kawai sun ƙi jam'iyyar sarakuna. Tun daga nan kowane zamani da irin 'yan bangarsa, ba mu kuwa wanke kowace jam'iyya ba. Wanda ya ga abin da aka yi a mazaɓar Gama ran 23 ga Maris, 2019, sa'ad da masu makamai suka mamaye rumfunan zaɓe da rana tsaka, ba ya bukatar a kunna masa talabijin.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin yadda abin yake tafiya. Lokacin zaɓe ya zo, a tara yara marasa aikin yi, a raba musu kuɗi da ƙwaya da makami. A ci zaɓe ko a faɗi, ubangida ya shige gidansa mai dogon gini da masu gadi. Kuɗi ya ƙare, amma wuƙa tana nan, jarabar ƙwaya ma tana nan. To ina yaro zai nufa? Ba zai je Nasarawa unguwar manya ba. Sai ya gangaro inda talaka yake da ɗan abin hannunsa, watau Kantin Kwari da kasuwar Singa da Bata da 'Yankura. Ya tare yaron shago ya ƙwace waya, ya tare ɗan adaidaita sahu ya ƙwace cinikin yini. Kai kuma ka rufe rumfa tun kafin magariba, ka ƙara kuɗin gadi a kan haraji, baƙonka na Maraɗi ko Damagaram ya fara tunanin wata kasuwa. Wani ya ci nama, kai aka bar wa wankin tukunya.

Haka zancen ƙwaya. A 2018, bayan BBC ta fallasa cinikin maganin tari mai kodin, har da abin da ta ɗauko a nan Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Madalla. Amma a gaya mana, yaron da ba shi da kuɗin koko da ƙosai, shi ne yake shigo da kaya kwali-kwali? Lalle akwai mai jari, akwai mai sito, akwai mai kau da kai a hanya.

Kada wani ya ce muna kare ɗan daba. Wanda ya soki ɗan'uwansa saboda waya, shari'a ta yi aikinta a kansa, babu sassauci. Abin da muka ƙi shi ne a yi ta sassabe ganye a bar saiwa.

Saboda haka muna kira. Na farko, a sakar wa masu wasa mara su nuna gaskiya duka, har ranar da ubangida zai tsaya gaban alƙali. Na biyu, duk ɗan dabar da aka kama, a bi sawun wanda ya tsaya masa beli da wanda yake ciyar da shi. Na uku, ku shugabannin kasuwa, Bahaushe da Ibo da Bayarabe, ku haɗa baki, domin wuƙa ba ta tambayar ƙabila. Duk ɗan takarar da ya shigo muku kasuwa da zugar masu makami, ku gane shi, ku ajiye masa amsa sai ranar ƙuri'a.

Ku kuma samari, ku duba da kyau. A cikin ayarin da kuke yi wa ubangida, kun taɓa ganin ɗansa na cikinsa riƙe da gora? Nasa yana makaranta, ku kuna kurkukun Kurmawa ko maƙabarta.

Mu dai mun faɗa. Mai kunne ya ji.