Gidan Sauro Ba Ragar Su Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, in kuna sayen soyayyen kifi da yamma a Daura, ku ɗan duba girman karfasar da ake miƙo muku. Wata ko ɗan yatsa ba ta kai ba, amma an barbaɗa mata yaji. Ni dai ban ga laifin ruwan Sabke ko na Daberam ba. Ragar da ake jefawa nake tuhuma.

Dokar tarayya ta kamun kifi ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, kusan inci uku ke nan, in ban da 'yan nau'o'in da ta ware. Dalili a fili yake: ƙaramin kifi ya sulale, ya girma, ya yi ƙwai. Gidan sauro kuwa, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, in aka ja shi a ruwa ba ya barin komai, har 'ya'yan da uwar karfasa ta gama reno a bakinta.

Za a ce talauci ne. Haka ne, masunci ma yana da iyali. To amma dam ba kogin Kwara ba ne, ba wani kifin da zai gangaro ya cike gurbi. Ranar da ya ƙare, masuncin ne zai fara ji a jikinsa, kafin mu masu ci.

Sarkin Ruwa da jami'an gwamnati ba za su kwana a bakin dam ba. Kuɗin kuwa daga aljihunmu yake fita. Shi ya sa in aka miƙo min 'yan mitsi-mitsin nan, sai in ce, "Baba, bar shi, yau awara zan ci."