Darasin Arfa Ga Masu Kiwon Raguna



Ran 9 ga Zulhajji alhazai ke tsayuwa a Arfa, kashegari a yi yanka. A mazhabarmu ta Malikiyya, dabbar hadayar da aka tsaya da ita a Arfa, a Mina ake yanka ta. Wadda ba a tsaya da ita ba, sai a Makka. Yau galibin alhazai takarda suke saya, a yanka musu. A 1983 aka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi wannan aiki, kuma ba a sa wa dabba wuƙa sai likitan dabbobi ya duba ta. Gurguwa, da mai ido ɗaya, da marar lafiya, da ramammiya, duk baya ake mai da su.

To, sharaɗin hadaya shi ne na layya. Ina dalilin da mu nan muke nakasa dabbarmu da hannunmu?

Maganar fiɗiya muke yi. Risala ta halatta fiɗiye tumaki don gyaran nama, ta hana na doki. Halattawa kuwa ba izinin azaba ba ne. Wani ya tsaga da reza mai tsatsa, wani ya dandaƙe da dutse. Jini ya zuba, ƙuda ya sauka, miki ya yi tsutsa. Ragon da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa ya mutu, ko ya rame har bai isa layya ba. Ga hasarar kuɗi, ga alhaki.

Alhali kuwa akwai hanyar da ba tsaga. Wani ƙarfe ne kamar awartaki, ana kiransa Burdizzo, sunan likitan Italiya da ya ƙago shi. Jijiyar kaɗai yake matsewa, fata ba ta fashewa, bayan 'yan makonni ƙwayar ta shanye. Da zafi, amma ba miki, kuma ya fi sauƙi tun dabba tana ƙarama.

Wani zai ce kakanninmu ba su san likita ba. Gaskiya ne, amma da sun samu da ba su ƙi ba. Kuɗin likita bai kai kuɗin rago ba.

Shawararmu ke nan: kowace unguwa ta sa rana, a tara dabbobi, a kira ma'aikacin asibitin dabbobi. Abin da ya zama sai an tsaga, ko rago ne, ko doki, ko kyanwar gida, a bar wa likita mai allurar kashe zafi. Dabba ba ta da baki yau, amma Ubangijinta zai tambaye mu.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Wassalam.