Alhaji, Lambobi Huɗu Ne Fa

Akwai wata magana da ta ishe ni a Sabon nan, kuma daga bakin manya take fitowa: "Ni ban iya waya ba, yaro ne ke yi mini." Da murmushi ake faɗarta, har da ɗan alfahari, kamar rashin iyawar ma wani girma ne. Mutumin da zai kalli sa a kara ta Akinyele ya faɗi kuɗinsa kafin dillali ya buɗe baki, wanda ke riƙe da bashin goro na mutum ashirin a kansa ba takarda, wanda zai juya dala zuwa naira kafin kai ka nemo kalkuleta, shi ne zai ce maka lambobi huɗu sun gagare shi. Haba Alhaji. Ba gagararka suka yi ba, raina su ka yi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai unguwar nan a kan amana aka gina ta. Gaskiya ne. Tun da aka kafa Sabo a 1916, falke yake kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin maigidansa, a sayar wa mahauta bashi, ya kwana da kwanciyar hankali domin maigida ya tsaya masa. Amma mu tuna yadda amanar take. Ana ciniki dillali na tsaye, malamin maigida na rubutawa, 'yan kallo sun ji nawa aka sallama. In mutum ya ci amana, kafin Azahar labari ya kai masallaci, kafin mako ya kai Kano, ba mai ƙara sauka a gidansa. Amanar iyayenmu cike take da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

To ina shaidar lambar sirri? Babu. Banki bai san Alhaji ba, bai san yaronsa ba, bai san wa ya riƙe wa tun yana ƙarami ba. Abu biyu ya sani: sunan da ke kan asusu, da wanda ya danna lambar daidai. Duk wanda ya danna, a wurin banki shi ne kai.

Yadda muka faɗa ramin nan kowa ya sani. A ƙarshen 2022 Babban Banki ya ce zai canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A 'yan makonnin nan duk wanda bai karɓi tiransifa ba kayansa sun ruɓe a gabansa, musamman 'yan tumatir da albasa. Sai kowa ya kama abin da ya samu. "Kai, ba su lambar asusunka." Ba laifi, lalura ce. Laifin shi ne lalurar ta wuce, mu ba mu wuce ba. Har yau akwai shaguna a nan da cinikin miliyoyi ke shiga asusun yaron shago, da sunansa, da BVN ɗinsa.

Ba na cewa yaran ɓarayi ne. Mafi yawansu wallahi sun fi mu tsoron Allah. Amma ɗauki yaro mafi gaskiya a Ibadan. Ranar da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, aka zauna rabon gado, nawa ne na mamaci a cikin asusun, nawa ne na yaron da yake tara kuɗin aurensa a ciki? Wa zai raba? Ko kuma a juya: yaron ne ya riga mu gidan gaskiya, a hanyar Ilori ko Jebba. Banki zai nemi takardar kotu ta magadan mai asusu, wato iyayen yaron da ke can ƙauyensu. Alhaji ba ya cikin lissafi. Zai tsaya yana rantsuwa kuɗinsa ne, kuma gaskiya yake faɗa, amma ba takarda, ba shaida. Irin wannan ne ke raba zumuncin shekara arba'in.

Sannan yaron ma ana cutarsa ba a sani ba. In wani ya biya kuɗin kaya da kuɗin damfara, masu bincike sunan da ke kan asusu za su bi. Yaron za a zo a ɗauka. Mu kuwa a garin nan mun san yadda abin yake: Bahaushe ɗaya ya shiga hannu, sunan unguwa duka ake kira.

Sai maganar layi, wadda ta fi ba ni haushi don ta fi sauƙin gyara. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN. Mutane da yawa, don gudun dogon layi a ofis, suka bar wani ya haɗa musu da tasa, wasu kuma suka sayi sim mai rajista a bakin titi, abin da doka ta hana. To ga shi layin nan shi ne aka ba banki. Ta nan alat ke shigowa, ta nan ake turo lambar tabbatarwa. Ranar da wayar ta faɗi, ka je a dawo maka da layi, za a ce mai NIN ɗin ya zo da kansa. Ina yake? Ya koma Sakkwato, ko ma ba ka taɓa ganinsa ba. In kuma ka yi watsi da layin ya daɗe, kamfani na sake sayar da lambar, wani can ya riƙa karanta alat ɗinka.

Ɓarawon waya na yanzu fa ba wayar ce ta dame shi ba. Ko 'yar rakani-kashi ce zai ɗauka. Sim yake so. Ya zare ya sa a wata wayar, ya danna *565*0# BVN ɗinka ta fito, ya shiga gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya. In lambar sirrinka 1234 ce ko shekarar haihuwarka, ko kuma ka adana ta a cikin sunayen waya da sunan "banki", kamar yadda na ga wasu na yi, to ka ba kura ajiyar nama. Alhali kowane sim yana da nasa kwaɗon. Ka sa masa lamba, duk wayar da aka sa shi sai ta tambaya. Aka yi kuskure sau uku ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Minti biyu ake saitawa. A tambayi mutum goma a bakin masallacin Juma'a a ga nawa suka yi.

Na wurin mai POS kuwa abin dariya ne da ban takaici. Dattijo zai miƙa kati, ya tsaya nesa yana gaisawa da mutane, ya ɗaga murya: "Sa biyu, biyar, sifili, tara!" Mai shayi ya ji, ɗan acaɓa ya ji. Mutumin nan fa in zai ƙirga kuɗi sai ya juya baya ya sa hannu cikin babbar riga.

Akwai uzuri na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Manhajojin nan da Turanci suke, rubutun ƙanana ne, idon dattijo ya yi rauni, ga netwok da ke yanke wa mutum a tsakiyar aiki. Masu haɗa manhajar ba su zauna sun yi tunanin mai karatun allo ba, wannan laifinsu ne. Amma ba cewa na yi kowa ya zama injiniyan kwamfuta ba. Yaro ya buɗe manhaja, ya rubuta lambar asusu, ya karanta maka sunan da ya fito da adadin kuɗin. Sai ya miƙo maka wayar ya kau da kai, kai ka danna huɗun ƙarshe. Wayoyi da yawa ma yanzu yatsa kawai suke so. Wanda ya haddace izu sittin, ko ya haddace lambar wayar fatake talatin, kada ya ce mini wannan ya fi ƙarfinsa.

Ku kuma samari, da ku nake yanzu. Wasunku na jin daɗin abin. "Kawo Baba in yi maka" ta fi muku sauƙi a kan ku zauna ku koya masa, kuma akwai ɗan daɗin a ce sai da kai. In ya yi kuskure kuna dariya, shi kuma don kare girmansa ya fasa koyo. Kun koya wa kanku TikTok ba malami, kun san yadda ake ɓoye wa mutum sitatus a WhatsApp, amma shekara uku kun kasa nuna wa mahaifinku inda ake duba ragowar kuɗi. Shi ya sa har yau ake kawo masa alat na bogi ya saki kaya, don ya saba jin ƙarar saƙo kawai, bai san cewa saƙon tes kowa na iya ƙirƙirarsa ba. Hoton rasit ma haka. Abin da ke tabbatar da kuɗi sun shigo shi ne ka duba asusunka ka ga sun ƙaru.

Ƙungiyoyinmu na kasuwa suna tara kuɗin biki da na ta'aziyya, suna sasanta rikicin rumfa. Su ƙara wannan a kai. 'Yan goro, 'yan shanu, 'yan gwari, 'yan canji, kowace ta ware yammaci ɗaya bayan La'asar, a zo da waya da katin shaida. A duba abu uku: layin da sunan wa yake, asusun da ciniki ke shiga da sunan wa yake, sim na da kwaɗo ko babu. Wanda kuɗinsa ke asusun yaro, kafin ya buɗe nasa, a rubuta adadin a takarda, mutum biyu su sa hannu, a ajiye kwafi wurin shugaban ƙungiya. Matan da ke adashi da sana'a a cikin gida kada a manta da su, nasu ya fi namu yawa a asusun 'ya'ya da ƙanne. Malaman Islamiyyar mata za su iya ɗaukar wannan ɓangaren ranar Asabar.