Harhaɗa Mota Ba Ƙera Mota Ba Ne

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da motoci. A ƙarshen shekarar kuma kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Pony, motar farko da ya ƙera da sunansa. Yau motocin Koriya sun game duniya, alhali kuwa kasuwar Nijeriya ta koma hannun tsofaffin motoci 'yan Kwatano.

Babu shakka asirin yana ga ƙarfe. Tun 1973 masana'antar Pohang ta fara samar wa Koriya ƙarfen kanta. A ƙasar nan kuwa, aikin Ajaokuta da aka sa wa rai tun zamanin Shugaba Shehu Shagari har yau bai kankama ba. Saboda haka inji da manyan sassan mota daga Faransa aka riƙa kawo su cikin akwatuna, a ɗaura a Kaduna. Da darajar naira ta faɗi a 1986, sai kuɗin sassan ya hau, sabuwar 504 ta gagari albashin ma'aikaci.

A 2013 gwamnati ta ƙara harajin shigo da motoci don kare masana'antun gida, amma dokar kuɗi ta 2020 ta rage shi. Wane mai jari ne zai kafa masana'anta bisa dokar da ba ta da tabbas?

Ya kamata hukuma ta fara daga tushe: ƙarfe, wutar lantarki, da makarantun koyon sana'a. Sa'an nan ma'aikatun gwamnati su riƙa sayen motar gida. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.