Mun Ci, An Ci Mu: Zama Da Son Ƙungiyar Da Ba Ta Nasara

Ya ku 'yan uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili in taɓo wani ciwo da yawancinmu muke fama da shi, amma muke jin kunyar kiran sa ciwo. Ina nufin halin da mutum kan shiga idan ƙungiyar ƙwallon ƙafar da yake so ta sha kashi. Ku lura da ajinmu ranar Litinin da safe. Tun kafin malam ya shigo za ka gane wanda aka ci jiya: ya koma can baya ya zauna, ya haɗe rai, ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau. Ba gorin kowa nake yi ba. Ni ma ina cikinsu, kuma na daɗe a ciki, domin ni magoyin bayan Shooting Stars ta Ibadan ne.

Ban zaɓi wannan ƙungiya ba, gadon ta na yi. Mahaifina yana saurayi a shekarar 1976 lokacin da ta doke Tonnerre Yaoundé ta Kamaru, ta zama ƙungiyar Nijeriya ta farko da ta ɗauko kofin nahiyar Afirka. Na tashi ina jin sunayen Segun Odegbami da Muda Lawal kamar wasu baffannina ne da suka yi tafiya. Na ji labarin kofin CAF na 1992, na kuma ji na baƙin cikin 1984 da na 1996, lokacin da Zamalek ta Masar ta hana mu babban kofin zakarun Afirka har sau biyu a wasan ƙarshe. Sau biyar ƙungiyar ta lashe gasar lig ta ƙasa, na biyar ɗin a 1998, kafin a haife ni. Daga nan har zuwa 2025 ba mu sake ɗaga wannan kofi ba. Ke nan mahaifina ya sha romo, ni kuwa labarin romon kawai na tarar.

A shekarar 2017, ina makarantar sakandare, Shooting Stars ta faɗa rukuni na biyu. Na tuna daren nan sarai. An kawo abinci na ture, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Washegari ma ban ci abin kirki ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mahaifina, wanda ya jawo ni cikin wannan bala'i, ya zauna ya cinye amalarsa tas, har da neman ƙari. Na ce masa, “Baba, ashe dai ba ka damu ba?” Ya dube ni ya ce ya fi ni damuwa, domin ya fi ni sanin abin da aka rasa, amma gobe da asuba zai fita aiki ko ƙungiya tana sama ko tana ƙasa. A lokacin na ɗauka son da yake yi mata ne ya yi sanyi. Sai da na girma na gane abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu dubi maganar ta fuskar nahawu. A shekarar 1976, wato shekarar da muka ci wancan kofi, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Robert Cialdini da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a jami'o'in ƙasarsu. Sun lura cewa ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan nasarar ƙungiyar jami'a, ɗalibai sun fi sanya riguna masu tambarin makaranta. Sun kuma lura da wakilin sunan da ɗalibai ke amfani da shi: idan an yi nasara sukan ce “mun ci”, idan an faɗi kuwa sai su koma cewa “sun faɗi”. Ku saurari hirar gidan kallo a unguwarku, za ku ji abin nan da kunnenku. Ranar daɗi kowa ɗan gida ne, ranar wuya sai ka ji ana cewa “yaran nan ba su iya komai ba”.

Mutumin da ke sauya “mu” zuwa “su” ya samo wa kansa hanyar tsira mai sauƙi. Mu da muke shan wahala, mu ne waɗanda suka ƙi sauyawa. Mun ce “mun ci”, don haka dole mu ce “an ci mu”. Ni a ganina wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba shi ne abin da ke bukatar magani ba. Abin da ke bukatar magani shi ne girman wurin da muka bar wannan “mu” ɗin ya mamaye a rayuwarmu, har ya danne karatu da abinci da zumunci.

Wasu sukan ba da shawara cewa in ƙungiyarka ba ta ci, ka bar ta ka koma wadda ke ci. Na gwada. Shekara guda na sayi rigar wata babbar ƙungiyar Ingila, na shiga sahun masu ihu a gidan kallo. Suna ta cin wasa, amma ko kaɗan ban ji abin da nake ji a filin Lekan Salami da ke Adamasingba ba, inda mahaifina ke riƙe hannuna a cikin cunkoso, ya saya mini gyaɗa, ya riƙa nuna mini inda wane ya taɓa tsayawa ya zura ƙwallo. A nan na gane cewa ba 'yan wasa goma sha ɗaya nake so ba, tun da su kullum sauyawa suke yi. Garinmu nake so, da ƙuruciyata, da abin da ke haɗa ni hira da mahaifina. Wanda ya ce ka sauya ƙungiya bai san abin da yake cewa ka bari ba.

To amma kada son ya rufe mana ido, domin Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Wannan ciwo yana da illa ta zahiri. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci a yankin Munich na Jamus sun ƙidaya masu ciwon zuciya da aka garzaya da su asibiti, suka tarar a ranakun da Jamus ke wasa adadin ya ninka fiye da sau biyu. A gida ma mun ga abin da ɓacin rai ke jawowa. Ranar 29 ga Maris 2022 Super Eagles ta yi kunnen doki ɗaya da ɗaya da Ghana a Abuja, ta rasa gurbin zuwa Qatar. Magoya baya suka afka cikin filin Moshood Abiola suka farfasa kayayyaki. Sakamakon wasa bai sauya ba, sai tara da hukunci da FIFA ta ɗora wa ƙasa. Filin da aka gyara da kuɗi masu yawa shi ya sha dukan.

Ni tawa ɓarnar a ɓoye na yi ta. A shekarata ta farko a jami'a na ɗauki kuɗin da aka ba ni na littattafai na zuba a cacar ƙwallo, wai don na tabbata ƙungiyata za ta ci. Ba lissafi na yi ba, so ne ya yi mini lissafin. Aka ci mu, kuɗi suka tafi, na shafe zango guda ina aron littattafan abokai, ina kuma ɓoye wa gida gaskiya. 'Yan wasan da suka faɗi kuwa washegari sun koma atisaye, mai kamfanin caca ya ƙirga ribarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya ƙarasa mini darasin wani dattijo ne mai shayi a Sabo, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da filin wasanmu. A teburinsa na fara tsintar Hausa tun ina yaro, kafin in san zan karanta ta a jami'a. Shi ɗan ga-ni-kashe-nin Kano Pillars ne, ƙungiyar da ta lashe lig sau huɗu, uku daga ciki a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2017 ya tsokane ni son ransa. Da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, sai na wanke ƙafa na tafi ramuwa. Na tarar da shi yana fifita wuta. Na ce, “Baba, ya muka ji da haƙuri?” Ya yi dariya ya ce, “An ci mu, ɗana, ba ƙarya. Zauna ka sha shayi tun bai huce ba.” Bai ce “sun faɗi” ba, bai zagi kowa ba, bai kuma rufe teburinsa ba. Ramuwar da na zo da ita sai ta narke a bakina. Shekara guda bayan haka Pillars ta dawo, kamar yadda tamu ta dawo a 2021.

Daga waɗannan dattawa biyu na tsamo wasu ƙa'idoji da nake bi, kuma zan so 'yan uwana su gwada.

Da farko, na ba baƙin ciki wa'adi. Idan aka ci mu ranar Lahadi, daren nan nawa ne: in yi shiru, in yi ƙorafi, in ga laifin alƙalin wasa. Amma da gari ya waye an rufe babin. Hana kai jin zafi ba ya yiwuwa, sai dai a yi masa iyaka.

Na biyu, nakan ajiye waya bayan wasa. Yawancin zafin da muke ji ba daga fili yake zuwa ba, daga tsokanar WhatsApp da Facebook yake zuwa, inda za ka kalli ƙwallo ɗaya da aka zura maka sau ashirin kafin ka kwanta. Wasan minti casa'in ne, mu muke mayar da shi na kwana uku.

Na uku, na raba so da aljihu. Ban ƙara yin caca ba, kuma ina roƙon duk mai yi ya duba kansa. Wanda ya sa kuɗi a kan ƙungiyar da yake so, sau biyu ake cin sa a wasa ɗaya.

Na huɗu, nakan tambayi kaina abin da ke hannuna. Ba ni ke zaɓar 'yan wasa ba, ba ni ke biyan su albashi ba, ba ni ke busa usur ba. Amma jarrabawar nahawu a hannuna take, kuma ita ce wasan da in aka ci ni babu koci da zan ɗora wa laifi.

Na biyar, na daina kallo ni kaɗai. Rashin nasara a cikin jama'a ya fi sauƙin ɗauka. Yanzu da zarar an tashi wasa nakan kira mahaifina. In mun ci mu yi murna, in an ci mu mu yi mita tare, daga nan hira ta zarce zuwa lafiyarsa da karatuna. Sau da yawa ranar da aka ci mu hirar ta fi tsawo.

Na san wani zai ce duk wannan lallashin kai ne irin na wanda ya saba da faɗuwa, kuma magoyin bayan da ba ya fushi shi ke sa shugabannin ƙungiya su yi sake. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Magoya baya suna da haƙƙin tambayar yadda ake tafiyar da ƙungiyarsu, su yi rubutu, su yi magana a rediyo, su ƙaurace wa fili in ta kama. Amma ƙin cin abinci a ɗakin kwanan ɗalibai bai taɓa sauya koci ba, haka nan gaba da abokin zama don ya yi maka dariya. Fushin da ke gyara daban, wanda ke cin mai shi daban.

Sannan tarihi ya nuna cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Enugu Rangers ta jira shekara 32, daga 1984 zuwa 2016, kafin ta sake lashe lig, ta kuma ƙara a 2024. Remo Stars da muka faɗi tare da ita a 2017, ita ce ta ɗauki kofin a 2025. Ba na kawo waɗannan misalai don in yi wa kowa alkawarin cewa tasa ranar na nan tafe. Mai yiwuwa ta zo, mai yiwuwa mu tsufa muna jira. Abin da na sani shi ne, wanda ya zauna da Rangers shekara 32 ya ji wani daɗi a 2016 da ɗan ci-rani a harkar goyon baya ba zai taɓa ɗanɗana ba.

Saboda haka, ɗan uwa, idan aka ci ku a ƙarshen makon nan, kada ka ɓuya a bayan “su”. Ka ce “an ci mu” da bakinka, ka sa rigarka in kana so, ka amsa tsokana da murmushi. Sa'an nan ka ci abincinka, ka ɗauki littafinka, ka zo aji da wuri ka zauna a gaba. In ka ga wani can baya ya haɗe rai, ƙila ni ne wa'adina bai cika ba, ka zo ka gaishe ni.

A nan zan dasa aya. Allah ya ba mu haƙurin jira, ya kuma ba mu nasara a wasan da yake namu na kanmu.