Kaboyi na gaskiya

Masu karatu, duk wanda ya yi ƙuruciya a Maraɗi ya san daren kaboyi a silima: jarumi ya tura ƙofar mashaya, kiɗa ya tsaya, sai harbi. Yaran Agye da Gazawa sun gan shi daga baya a gidajen bidiyo. Wannan mako bari mu ɗaga labule mu dubi ɗaya daga cikinsu da ya rayu da gaske a Amurka.

Sunansa Luke Short, an haife shi a 1854. Ɗan guntun mutum ne mai son ado, sana'arsa caca da saida giya. A 1881 ya harbe wani ɗan caca, Charlie Storms, a Tombstone. Hukuma ta ce kansa ya kare.

Inda labarin ya shafe mu shi ne Dodge City, zangon fataken shanu a jihar Kansas. A 1883 Short ya sayi rabin mashayar Long Branch. Abokin cinikinsa Harris ya nemi kujerar magajin gari, ya sha kaye a hannun Deger, ɗan gaban goshin Webster mai mashayar Alamo. Kafin wata ya cika sai ga sabuwar doka ta hana karuwanci. Madalla da doka! Amma mata uku masu waƙa a gidan Short kaɗai aka kama, na gidan Webster ko kallonsu ba a yi ba. Ɗan kasuwar da aka taɓa tsare wa mota a shinge alhali ta maƙwabcinsa ta wuce ba ya bukatar tafinta a nan.

Short ya yi musayar wuta da ɗan sanda, aka jefa shi jirgin ƙasa aka kore shi. Ya kai kuka wurin gwamna, sa'an nan ya komo tare da abokansa masu bindiga, Wyatt Earp da Bat Masterson. Nan da nan masu gari suka sauko, ya koma kan cinikinsa, ba a kashe kowa ba.

A silima nan ne ake tafi. Ni hannuna ya ƙi, domin abin da takarda ta hana shi bakin bindiga ne ya ba shi. Mutanen Gidan Rumji, da suka sauki dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara a 2019, sun san ranar da mai bindiga ya gane wannan lissafi.

A 1887, a Fort Worth, ya kashe Jim Courtright, tsohon shugaban ƴan sandan garin. Nan ma ba a hukunta shi ba. Ciwon kumburi ya ɗauke shi a 1893, bisa gado, yana da shekara 39.