Dukiyar da Ke Bin Magudana a Majemun Kano

Duk wanda ya ratsa unguwannin masana'antu na Challawa, ko Sharada, ko Bompai a Kano, hancinsa kan riga idonsa shaida ruwan da majemu ke zubarwa. Wannan wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai iskar salfa ce, kuma alama ce ta sakaci.

Jima sana'a ce mai ƙishirwa. Kafin a jeme tan 1 na ɗanyar fata ta hanyar da aka saba, akan kashe ruwa kimanin lita 30,000 zuwa 50,000 wajen jiƙo, da cire gashi, da wanki. Magabata da bagaruwa suke jima. Masana'antun zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, don ya fi sauri. Sai dai fata ba ta shanye shi duka. Kusan kashi 1 cikin 3 kan bi ruwa ya fice. Wato mai masana'anta da kuɗinsa ya sayo sinadari daga ƙasar waje, sannan ya kwarara shi a rafin Getsi da kogin Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwan latas da kabejin da ake kai wa kasuwannin birni.

Masu masana'antu kan kawo hanzarin cewa injin tace ruwa yana da tsada, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa. Da gaskiyarsu, amma gyaran farko ba ya bukatar babban inji. A sa mita a kowane bututu, domin ruwan da ba a auna ba, ba a jin zafin ɓarnarsa. Sannan a raba magudanai. Ruwan cire gashi yana ɗauke da salfa, na kuromiyam kuma yana da tsami. Haɗuwarsu ce ke tayar da iskar nan, wadda kan iya hallaka ma'aikaci a cikin rami. Idan aka ware ruwan kuromiyam aka zuba masa sinadarin maganiziya, sai kuromiyam ya kwanta a ƙasa kamar gasara, a kwashe, a narkar da shi da asid, a sake jima da shi.

Doka dai ba ita aka rasa ba. An kafa hukumar FEPA tun 1988, bayan abin kunyar sharar gubar da aka jibge a garin Koko, NESREA kuma ta zo a 2007. Abin da ya kamata jami'anta su riƙa tambaya a ƙofar kowace majema shi ne littafin awo: lita nawa suka shiga yau, nawa suka fita, kuma ɗauke da me.